Yadda Ake Lissafa Nisa da Lokacin Tafiyar Jirgin Sama Tsakanin Kano da Maiduguri

Duk wanda ya tambayi ma'aikacin filin jirgi tsawon lokacin da ake ɗauka daga Kano zuwa Maiduguri, amsar da zai samu ita ce awa ɗaya, kuma ba ƙarya aka yi masa ba. Sai dai wannan awa ɗayar ba ita ce tafiyar ba, wani yanki ne kawai daga cikinta, kuma wanda ya ɗora alƙawarin ɗaurin aure ko ganin likita ko zaman jarrabawa a kanta yana iya isa bayan an watse. Lambobi huɗu ne mai tafiya yake bukata kafin ya yanki tikiti: nisan da ke tsakanin filayen biyu a miƙe, mintocin da jirgi zai yi a sama, lokacin da kamfani ya rubuta a jadawalinsa, da kuma lokacin da zai ɗauka daga ƙofar gidansa zuwa ƙofar inda za shi. Za mu fitar da su ɗaya bayan ɗaya da misalin Kano da Maiduguri, kuma hanyar tana aiki ga Sakkwato da Yola, ko Yamai da Damagaram, ba tare da an canza komai ba sai lambobin.

Mataki na farko: tabbatar da filayen da kake aunawa

Awon daga fili zuwa fili ake yin sa, ba daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari ba. Kowane filin jirgi yana da alama mai haruffa uku, wadda ake bugawa a tikiti da takardar da ake manna wa jaka. Ta filin jirgin Malam Aminu Kano ita ce KAN, ta filin Maiduguri, wanda aka raɗa wa sunan Muhammadu Buhari a 2023, ita ce MIU, ta filin Nnamdi Azikiwe na Abuja kuma ABV. A kula da KAN da KAD, domin ta biyun ta Kaduna ce, kuma harafi ɗaya ne ya raba su. Matuƙa da masu kula da zirga-zirgar jirage suna da wata alamar mai haruffa huɗu, DNKN ga Kano, DNMA ga Maiduguri, kuma ita ce za ka gani a rahoton yanayi na filin.

Mataki na biyu: fitar da nisa a miƙe

Hanya mafi sauƙi ita ce ka buɗe Google Maps, ka danna yatsa a kan filin Kano har alama ta fito, ka zaɓi awon nisa, sannan ka ja layin zuwa filin Maiduguri. Akwai kuma shafuka irin su Great Circle Mapper da za ka rubuta musu KAN-MIU kawai su ba ka amsa. Amma ina ba da shawarar mutum ya iya yin lissafin da hannunsa ko da sau ɗaya ne, domin wanda ya san daga inda lamba ta fito ba a saurin ruɗa shi da lambar da ba daidai ba, kuma aikin bai wuce minti biyar da kalkuletar waya ba.

Kowane wuri a doron ƙasa yana da lambobi biyu, ɗaya tana nuna nisansa arewa ko kudu da layin Ikwaita, ɗaya kuma tana nuna nisansa gabas ko yamma da layin da ya ratsa Girinwic a Ingila. Filin Kano yana kan digiri 12.05 arewa da digiri 8.52 gabas. Na Maiduguri yana kan digiri 11.86 arewa da digiri 13.08 gabas. Idan inda ka samo lambobin an rubuta su da digiri da mintoci, kamar 12°03′, kada ka ɗauke shi a matsayin 12.03, domin minti 60 ne a cikin digiri ɗaya, don haka sai ka raba 3 da 60 ka sami 0.05. Wannan ɗan kuskuren kaɗai yana iya kawar da amsarka da kilomita talatin ko arba'in idan mintocin suna da yawa.

Fara da bambancin arewa da kudu. Ka ɗebe 11.86 daga 12.05, saura 0.19. Digiri ɗaya a wannan fuskar kimanin kilomita 111 ne a ko'ina a duniya, saboda haka 0.19 sau 111 ya ba da kilomita 21. Ke nan Maiduguri ta ɗan fi Kano gangarawa kudu, amma da kaɗan ƙwarai.

Bambancin gabas da yamma shi ne yake bukatar lura. Ka ɗebe 8.52 daga 13.08, saura 4.56. A nan digiri ɗaya ba ya cika kilomita 111 sai a kan Ikwaita kanta, yana raguwa ne gwargwadon yadda aka yi arewa, domin layukan suna matsowa kusa da juna har su haɗe a ƙuryar arewacin duniya. Don sanin tsawonsa a yankinmu, ka juya wayarka a kwance maɓallan kimiyya na kalkuleta su fito, ka tabbatar tana kan digiri, ka danna cos na 12, za ta ba ka 0.978. Ka ninka wannan da 111, ka sami kilomita 108.6 a kowane digiri. To, 4.56 sau 108.6 ya zama kilomita 495.

Yanzu kana da gefe biyu na kusurwa, 495 zuwa gabas da 21 zuwa kudu, kuma ƙa'idar Fitagoras da aka koya mana a sakandare ce za ta haɗa su. Ka ninka 495 da kansa, ka ninka 21 da kansa, ka tara su, sannan ka danna alamar √. Amsar ba ta kai 496 ba, wato tazarar kudun ba ta ƙara komai ba, domin tafiyar kusan gabas ce sak. Ka riƙe kilomita 495, ko ka ce kusan 500. Shafukan intanet suna iya saɓa maka da kilomita biyu ko uku, kuma wannan ba abin damuwa ba ne. Wannan lissafin ya dace da tazarar da ba ta wuce kilomita dubu ɗaya da 'yan ɗarurruwa ba. Idan tafiya ce irin ta Kano zuwa Jidda, lanƙwasar duniya tana shigowa sosai, sai a bar wa shafukan aikin.

Kafin ka kwatanta amsarka da ta wani, duba ma'aunin da ya yi amfani da shi. Mil na ƙasa kilomita 1.609 ne, mil na teku kuwa, wanda matuƙa suke aiki da shi, kilomita 1.852 ne. Saboda haka nisan nan guda ɗaya za ka iya ganinsa a rubuce 495 a wani wuri, 308 a wani, 267 a wani, kuma duk abu ɗaya suke faɗa.

Mataki na uku: ƙara abin da hanyar sama take ci

Jirgi ba ya tashi ya miƙe kamar an ja zare. Yana tashi ne ta fuskar da iska ta ba da dama, domin jirage suna fuskantar iska wajen tashi da sauka, kuma idan fuskar ba ita ce ta inda za shi ba, sai ya yi kwana a sama ya dawo kan hanya. Daga nan yana bin hanyoyin da aka shata, ƙarƙashin umarnin ma'aikatan hukumar NAMA mai kula da sararin samaniyar Najeriya, kuma a wajen sauka yakan zagaya ya daidaita da titin saukar jirgi tun daga nesa. A tafiya irin wannan, ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari kiyasi ne mai kyau. Idan muka ɗauki kashi 8, kilomita 495 ta zama kimanin 535, kuma da wannan lambar za mu ci gaba.

Mataki na huɗu: san irin jirgin, sannan ka raba

Yawancin shafukan sayar da tikiti suna rubuta irin jirgin a ƙasan lokacin tashi da ƙananan haruffa. Jirage masu injin jet, irin su Boeing 737 da ƙaramin Embraer 145 mai kujeru 50, suna gudun kilomita 800 zuwa 850 a awa idan sun daidaita a sama. Masu farfela sun kasu: ATR 72 yana yin kimanin kilomita 500 a awa, Dash 8 Q400 kuma kimanin 650.

Ka raba 535 da 830, ka ninka da 60, za ka sami minti 39. A nan ne mutane da yawa suke tsayawa, kuma a nan ne lissafin yake yaudararsu, domin jirgi ba ya yin wannan gudun tun daga titi. Yana ɗaukar kusan sulusin awa yana hawa, kuma a ƙasa da ƙafa 10,000 ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada ya wuce kimanin kilomita 460 a awa. Wajen sauka kuma matuƙa suna ware mil uku na teku ga kowace ƙafa dubu da za su sauko, don haka jirgin da yake kan ƙafa 30,000 zai fara gangarowa tun saura kusan kilomita 170. Idan ka haɗa hawa da sauka, za ka ga fiye da rabin hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikinsu take ƙarewa, wanda shi ya sa ma'aikatan cikin jirgi ba sa gama raba ruwa da biskit sai ka ji an ce a ɗaura bel a miƙar da kujera. Saboda wannan, ka ƙara minti 15 ga jet, ka sami kimanin minti 54 a sama. Mai farfela ba ya hawa can ƙololuwa, don haka ƙarin minti 10 zuwa 12 ya ishe shi: ATR 72 zai yi kimanin awa ɗaya da kwata, Q400 kuma kimanin awa ɗaya.

Abin lura shi ne a gajeriyar tafiya irin wannan bambancin jet da farfela kimanin minti ashirin ne kawai. A ganina bai kamata mutum ya ƙi jirgin safe mai farfela don jiran jet na yamma ba, domin abin da zai samu a gudu zai iya rasa ninkinsa a jinkiri.

Mataki na biyar: lokacin jadawali

Lokacin da aka rubuta a tikiti ba daga tashi zuwa sauka yake ba. Yana farawa ne daga sanda jirgi ya motsa daga inda aka ajiye shi, ya ƙare sanda ya tsaya cik a ɗaya filin. Tsakanin nan akwai tura jirgi baya, da tayar da injuna, da gangarawa zuwa bakin titi, da jiran izinin hasumiya. A fili marar cunkoso ka ware minti 15 ga duka ɓangarorin biyu, a Abuja ko Legas da safe kuwa yana iya fin haka. Minti 54 da 15 sun ba da kusan awa ɗaya da minti 10, kuma abin da ya kamata ka gani ke nan a jadawalin jirgin da zai tafi kai tsaye. Idan ka ga an rubuta awa huɗu ko biyar tsakanin Kano da Maiduguri, to akwai yada zango a ciki ko da ba a fito da shi fili ba.

Kana iya gwada lissafinka da abin da ya faru a zahiri. Ka sa lambar jirgin a shafin Flightradar24 ko FlightAware, za su nuna maka lokacin da ya tashi da lokacin da ya sauka a kwanakin baya. Abin da ya fi amfani a wannan jerin ba tsawon tafiyar ba ne, tazarar da ke tsakanin lokacin da aka ce zai tashi da lokacin da ya tashi ɗin ce. Ka kuma duba ko agogon shafin yana kan lokacin gida ne ko na UTC, wato agogon Girinwic, wanda Najeriya take gaba da shi da awa ɗaya. Najeriya da Nijar da Cadi da Kamaru agogonsu ɗaya, don haka babu abin gyarawa a tsakaninsu, amma Gana tana bayanmu da awa ɗaya, Sudan tana gaba da awa ɗaya, Saudiyya da awa biyu, kuma tikiti kullum da agogon garin da aka tashi da na garin da aka sauka yake magana.

Iska da yanayi

Iskar sama tana ƙara gudu ko ta rage shi. Da damina, iskar da ke can tsayin da jet yake bi a yankin Sahel daga gabas take busowa, don haka mai zuwa Maiduguri yana fuskantarta, mai dawowa Kano kuma tana tura shi. Da rani sau da yawa abin yakan juya. Idan ƙarfinta kilomita 60 ne a awa, sai ka raba 535 da 770 a zuwa, da 890 a dawowa, ka sami minti 42 da minti 36. Bambancin minti shida ne, kuma ba shi ne zai ɓata wa kowa shiri ba.

Abin da yake ɓata shiri yana ƙasa. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi ta baza ta a arewacin Najeriya, kuma Maiduguri da Kano suna cikin garuruwan da take fara rufewa. Kowane fili yana da iyakar nisan gani da dole a samu kafin a yarda jirgi ya sauka, gwargwadon na'urorin da aka girka masa, kuma idan hazo ya yi kauri har ganin ya gaza wannan iyakar, jirgin ba zai ma baro inda yake ba, ko kuma ya zo ya yi shawagi ya juya. Da damina matsalar hadari ce, wanda ya fi haɗuwa da la'asar zuwa dare yana tafiya daga gabas zuwa yamma, kuma matuƙi ba ya kutsawa cikinsa, kewaye shi yake yi ko ya jira ya wuce. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen yanayi da gargaɗin ƙura, kuma ya kamata a duba na garuruwan biyu, har da na garin da jirgin zai fito kafin ya zo ɗaukarku. A tuna kuma wasu ƙananan filaye ba sa aiki bayan faɗuwar rana, don haka jinkirin awa biyu ga jirgin la'asar yana iya zama kwana.

Mataki na shida: idan sai an bi ta Abuja

Wannan hanya ta Maiduguri zuwa Kano tsohuwa ce, domin jirage uku na sojan saman Birtaniya da suka taso daga Masar a 1925 ta Maiduguri suka biyo suka sauka Kano. Duk da haka, yau yawancin jiragen cikin gida a kan Abuja da Legas aka ɗora jadawalinsu, kuma jirgin kai tsaye tsakanin biranen arewa biyu abu ne da yakan samu a wani lokaci ya ɓace a wani. Saboda haka wajibi ne ka yi lissafin hanya ta biyu.

Filin Abuja yana kan digiri 9.01 arewa da 7.26 gabas. Da irin lissafin da muka yi, amma da kilomita 109 ga kowane digiri na gabas tunda an gangara kudu, Kano zuwa Abuja kilomita 364 ne, Abuja zuwa Maiduguri kuma kimanin 708. Jimla ta haura kilomita 1,070, wato fiye da ninki biyu na tazarar da ke tsakanin garuruwan. Zangon farko zai ci minti 43 a sama da kusan awa ɗaya a jadawali, na biyu kuma minti 70 a sama da awa ɗaya da minti 25 a jadawali.

Tsakanin zangon biyu ne ake tafka asara. Idan kamfanoni biyu ne, tikiti biyu ne da babu ruwan ɗaya da ɗaya: za ka sauka ka jira jakarka, ka fito, ka sake shiga layin awon kaya da na bincike, kuma idan jirgin farko ya makara har na biyun ya tashi, kamfani na biyu ba ya ɗaukar nauyin abin da bai jawo ba. Kada ka bar tazarar da ta gaza awa uku, a lokacin hazo ma ka ƙara. Idan kamfani ɗaya yana da zangon biyu, ka saye su a tikiti ɗaya ko da ya ɗan fi tsada, kuma ka tambaya a kantar awon kaya ko jakar za ta wuce kai tsaye.

Mataki na bakwai: daga ƙofa zuwa ƙofa

Yanzu ka ɗauki takarda ka tara komai. Filin Kano a cikin gari yake, don haka mu ce minti 30 daga gida, duk da cewa mai fitowa daga Hotoro ko Kabuga da hantsi ya san cunkoson hanyarsa fiye da kowa. Ka isa minti 90 kafin tashi, domin ana rufe kantar awon kaya tun kafin lokacin, kuma kowane kamfani yana rubuta nasa wa'adin a tikiti. Ka sa minti 70 na jirgi, da minti 25 na sauka da jiran kaya, da minti 20 na shiga gari a Maiduguri. Jimla minti 235, kusan awa huɗu, idan kai tsaye ne kuma ba a yi jinkiri ba. Idan ta Abuja ne, ka cire minti 70, ka sa 60 da 180 da 85 a madadinsu, jimla ta zama minti 490, wato awa takwas da minti goma.

Sai ka ajiye wannan kusa da lissafin mota. Hanyar da ta bi ta Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu ta haura kilomita 550, kuma motar da take yin matsakaicin gudun kilomita 70 zuwa 75 a awa za ta cinye ta cikin kimanin awa takwas, ban da tsayawar salla da cin abinci da shingayen jami'an tsaro. Ke nan jirgin kai tsaye yana rage rabin lokaci, amma wanda ya bi ta Abuja kusan kunnen doki yake yi da mota. Sai dai agogo ba shi kaɗai ne ma'auni a wannan hanyar ba. Tsakanin Damaturu da Maiduguri an daɗe ana fama da matsalar tsaro, kuma mutane ba su manta da matafiyan da aka kashe a Auno a watan Fabrairun 2020 ba, bayan dare ya riske su a bakin shingen shiga gari da aka riga aka rufe. Wanda ya zaɓi mota ya fito da asuba yadda zai wuce wannan yankin da sauran rana, kuma ya tambayi direbobin tasha halin da hanyar take ciki a ranar. Mai tafiya da tsoho ko marar lafiya ko ƙananan yara kuma yana da dalilin zaɓar jirgi ko da awannin sun zo daidai.

Da wannan jimlar za ka ƙirga baya daga lokacin alƙawarinka. Idan taron ƙarfe biyu na rana ne kuma akwai jirgin kai tsaye na ƙarfe takwas na safe, kana da rarar sama da awa huɗu, kuma ta isa a yawancin ranaku. Idan ta Abuja ne, ko tsakiyar hunturu ne, ko kuma abin ɗaurin aure ne na ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ka tafi tun ana gobe. A daren da za ka tashi ka duba saƙonnin wayarka da imel ko an sauya lokaci, da safe kuma kafin ka fito ka nemi jirgin da zai zo ɗaukarku a Flightradar24, domin idan bai baro Abuja ko Legas ba tukuna, sai ka ƙara tsawon tafiyarsa da kimanin minti 40 na sauke fasinja da shan mai a kan lokacin da kake ciki, ka sami lokacin da ba zai yiwu ku tashi kafinsa ba, ka sanar da mai tarbarka a Maiduguri.